Yadda Ake Gina Gona Mai Hawa-hawa a Kan Dutse, Irin ta Mutanen Mandara

A duwatsun Mandara, kan iyakar Najeriya da Kamaru, ƙananan ƙabilu irin su Mafa da Kapsiki da Sukur sun daɗe suna ci daga gangaren da manomin fili zai ce ko ciyawa ba ta yi. Gonakin Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali a Adamawa na cikin abin da ya sa UNESCO ta saka garin a jerin wuraren tarihi na duniya a 1999. Ga yadda ake aikin.

Da farko, tun da damina, ka lura da hanyoyin da ruwa ke bi in ya gangaro. Gini kuwa sai da rani.

Ka fara daga sama. In ka fara daga ƙasa, ruwan da ke saukowa da ƙarfi zai kwashe aikin. Ka ja layi a gicciye, bakinsa da ƙarshensa su zo daidai, don in ɓangare ɗaya ya fi ƙasa, can ruwa zai taru ya fasa.

Sai ka haƙa ɗan rami a kan layin, ka dasa manyan duwatsu, ka ɗora matsakaita, ka cusa ƙanana da tsakuwa a baya. Katangar ta ɗan jingina da dutsen, kada ta tsaya cak. Nan ne mutane suka fi kuskure: ba a sa laka, ba a sa siminti. Ana so ruwa ya tsiyaye ta tsakanin duwatsu a hankali, ƙasa ta tsaya. Katangar da ta toshe ruf, nauyin ruwa ne zai ture ta, kuma in ta tafi sai ta ja ta ƙasanta. Bayan nan ka jawo ƙasa da fartanya ka baje bayan katangar. Inda gangare ya yi tsanani, hawan zai zama siriri, wani ma layi biyu na dawa kawai yake ɗauka. Hakan ba asara ba ne.

Ƙasar dutse ba ta da kauri, dole a ciyar da ita. Mafa da Sukur kan ɗaure bijimi a ɗaki suna kiwata shi, ana kwashe takinsa a kai gona, a haɗa da toka da sharar gida. In akwai gawo, a bar shi. Ganyensa na zuba da damina, ba ya yi wa shuka inuwa.

Wajen shuka, a haɗa dawa da wake. Mafa kan juya, bana dawa, baɗi gero.

Kowace bazara, kafin ruwan farko, a bi katangun ɗaya bayan ɗaya a mayar da duk dutsen da ya zame. Wannan aikin gayya ne, domin katangar maƙwabcinka na sama in ta karye, a gonarka za ta zube. Inda matasa suka sauko fili ko birni aka rasa masu wannan gyara, katangun rushewa suke yi, ruwa ya tafi da ƙasar.