Yadda Ake Zama Malamin Nazarin Al'ummomi Mai Harshe Biyu a Kalifoniya Cikin Shekara Huɗu

A jihar Kalifoniya ta Amurka, hanyar da aka saba bi wajen zama malamin makaranta tana cin shekara biyar ko fiye: huɗu na digirin farko, sannan shekara guda ta horon koyarwa wadda a ƙarshenta ake samun lasisi. Shekarar nan ta biyar ita ce take kayar da mutane da yawa, musamman 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da 'ya'yan baƙi, domin a cikinta ɗalibi zai biya kuɗin makaranta, ya yini a aji yana koyarwar gwaji, kuma galibi babu ko sisi da zai shiga aljihunsa. Waɗannan kuwa su ne suka tashi da harshe biyu a bakinsu, su ne kuma makarantun jihar suka fi nema. Akwai hanyar taƙaita tafiyar, amma sai ga wanda ya tsara ta tun daga zangon karatunsa na farko.

Fannin da ake magana a kansa shi ne nazarin al'ummomi, wato tarihi da rayuwar baƙaƙen fatar Amurka, da 'yan asalin Latin Amurka, da mutanen ƙasar na asali, da 'yan asalin Asiya da tsibiran Pasifik. Ya samo tushe ne daga yajin karatun da ɗaliban kwalejin jiha ta San Faransisko suka fara a watan Nuwamban 1968, wanda ya kai har Maris na 1969, ya kuma haifar da tsangayar wannan fanni a can. A shekarar 2021 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar AB 101, wadda ta ce makarantun sakandare su fara koyar da darasin daga shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, ya kuma zama sharaɗin kammalawa ga 'yan ajin 2030. Sai dai dokar ta rataya aikinta a kan majalisa ta ware kuɗi, kuma kasafin 2025 bai ware ba, ko da yake gundumomin ilimi da dama sun riga sun sa darasin a manhajarsu bisa raɗin kansu.

Wannan ya kai mu ga abu na farko da ya kamata ka sani: hukumar bayar da lasisin malamai ta jihar, wadda ake kira CTC, ba ta da lasisi na musamman ga nazarin al'ummomi. Yawancin masu koyar da shi a sakandare suna riƙe ne da lasisin darasi guda a fannin kimiyyar zamantakewa, wanda ya ƙunshi tarihi, labarin ƙasa, tattalin arziki da tsarin mulki. A ganina alheri ne, domin mai wannan lasisi ba zai rasa aji ba ko dokar ta ci gaba da jiran kuɗi. Saboda haka abubuwa uku za ka haɗa lokaci guda: digiri, lasisin kimiyyar zamantakewa, da izinin koyarwa da harshe biyu, wanda ake ɗora shi a kan lasisin.

Babbar hanyar gaggawa ita ce shirin da ake kira ITEP, inda ake cakuɗa darussan digiri da na horon malanta, ɗalibi ya fita da takardun biyu cikin shekara huɗu, wani lokaci da ƙarin zango guda. Jihar ta ware dala miliyan 10 a kasafin 2016 domin jami'o'i su kafa irin waɗannan shirye-shirye, kuma rassan jami'ar jiha ta CSU ne suka fi yawansu. Amma a yi hattara, domin mafi yawan shirye-shiryen an gina su ne don malaman firamare da na masu buƙata ta musamman. Kafin ka cike takardar neman gurbi, wadda ake buɗewa a farkon Oktoba, ka tuntuɓi jami'in lasisi na tsangayar ilimi, ka tambaye shi ko shirinsu yana kaiwa ga lasisin sakandare a kimiyyar zamantakewa, ko jami'ar tana da amincewar hukuma wajen bayar da izinin harshe biyu a harshenka, da kuma ko digirin da ka zaɓa zai wadatar a matsayin shaidar sanin darasi. Tambaya ta ukun tana da nauyi, domin tun dokar AB 130 ta 2021 digirin da ya dace yana iya maye gurbin jarrabawar CSET ta auna sanin darasi, wadda a wannan fanni kashi uku ce. Ka nemi amsar a rubuce. Rassan CSU irin su Northridge da Los Anjelis da San Faransisko suna da tsofaffin sassan nazarin al'ummomi, don haka nan ne wuraren da ya dace a fara bincike.

Wanda kuɗin jami'a ya yi masa nauyi yana iya farawa daga kwalejin al'umma ta shekara biyu, ya yi kiredit 60 (ma'aunin yawan darussan da aka kammala) a ƙarƙashin takardar ADT, wato digirin shekara biyu na wucewa jami'a, wadda take ba shi tabbacin gurbi a tsarin CSU a matakin shekara ta uku, ko da yake ba lallai a reshen da ya fi so ba. Haɗarin wannan hanya shi ne ɗaukar darussan da ba za su shiga lissafi ba, don haka tun a zangon farko ka sami jerin darussan shirin da kake hari, ka riƙa auna kowace rajista da shi.

Batun harshe shi ne inda gaggawa ba ta da amfani, kuma nan ne na fi so mai karatu ya dakata. A 1998 masu zaɓe a jihar suka amince da ƙuduri mai lamba 227, wanda ya taƙaita koyarwa da wani harshe banda Turanci, sai a 2016 ƙuduri mai lamba 58 ya ɗage takunkumin. Shekaru 18 ɗin nan sun rage yawan malaman harshe biyu, sun kuma fitar da matasan da suke jin Sifaniyanci ko Biyetnamanci a gida amma ba su taɓa rubuta maƙala da shi ba. Ka ɗauki matashiyar da tun tana 'yar shekara tara take yi wa mahaifiyarta tafinta a asibiti. Ba ta da shakkar harshenta, har ranar da ta tsaya gaban 'yan aji tara za ta yi bayanin yajin aikin ma'aikatan gonakin inabi na garin Delano a Kalifoniya na 1965, inda ma'aikata 'yan Filifin ƙarƙashin Larry Itliong suka fara, jagororin ƙwadago Cesar Chavez da Dolores Huerta suka mara musu baya. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ta yadda ake cewa yarjejeniyar ƙwadago da Sifaniyanci, ta tsaya da alƙalamin allo a hannu, kalmar ta ƙi zuwa. Maganin wannan shi ne ɗaukar darussan adabi da rubutu a harshen tun shekarar farko, da karanta jaridunsa, da neman a tura ka koyarwar gwaji a makarantar da ake karatu da harshe biyu.

Ana samun izinin ta hanyar darussan jami'a, ko jarrabawar CSET ta harsuna, ko haɗin biyun, kuma abin da ake aunawa shi ne ƙwarewa a harshen, dabarun koyarwa da harshe biyu, da sanin al'adun masu harshen. Sifaniyanci ne ya fi kasuwa, sai irin su Mandarin, Koriyanci, Hmong da Armeniyanci. Babu Hausa a cikin harsunan jarrabawar, amma akwai Faransanci da Larabci, don haka Bahaushen da ya yi karatu a Yamai ko Khartum yana da ƙofar shiga. Idan digirinsa na waje ne, sai ya kai takardun sakamakonsa ga ɗaya daga cikin kamfanonin tantancewa da hukumar ta amince da su.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuya, jinkiri ne kawai yake ɓata su. Kafin ka shiga aji sai an ɗauki hoton yatsunka an ba ka takardar wanke kai daga hukumar. Akwai darasi ko jarrabawa a kan kundin tsarin mulkin Amurka, da horon agajin gaggawa na farfaɗo da numfashi. Akwai aƙalla awa 600 na aiki a cikin aji, sannan gwajin koyarwa irin CalTPA ko edTPA, inda za ka ɗauki bidiyon darasinka ka rubuta sharhi a kansa. Tsohuwar jarrabawar CBEST ta auna karatu da rubutu da lissafi kuwa ta daina zama shinge ga mai digiri tun 2024.

Gaggawar tana da farashinta, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Zangunan karatu za su cika maƙil, wataƙila har da na bazara, kuma shekarar ƙarshe ba ta barin wuri ga aikin neman kuɗi da rana. Haka nan gundumomi da yawa suna tsara albashi bisa yawan kiredit da malami ya yi bayan digiri, don haka wanda ya gama komai cikin shekara huɗu yana iya farawa daga rukunin ƙasa, ko da yake ya riga takwarorinsa karɓar albashi da shekara guda. Ka duba jadawalin albashin gundumar da kake so, ka yi lissafi da kanka. Tallafin kuɗin karatu na jihar mai suna Golden State yana rage nauyi ga wanda ya yi alkawarin koyarwa a makarantun da suka fi buƙata, amma adadinsa ya sauka daga dala 20,000 zuwa 10,000 a 2024, saboda haka ka tabbatar da halin da yake ciki a shekarar da za ka nema.

Wanda ya riga ya mallaki digiri yana da zaɓi biyu: ya yi shekara guda yana koyarwa kafaɗa da kafaɗa da gogaggen malami tare da ɗan alawus, ko ya yi horon share fage na awa 120 ya karɓi aji da albashi yana ƙarasa karatu da yamma. Ta farkon na fi ba da shawara ga mai koyar da darasin da yake taɓa launin fata da ƙaura da ƙwace ƙasa, domin tafiyar da irin wannan muhawara tsakanin matasa abu ne da ake koya ta hanyar kallon wanda ya iya. Ko ta wace hanya ka bi, lasisin da za ka fara samu na wucin gadi ne mai wa'adin shekara biyar, kuma a cikinsu za ka yi horon shekara biyu a bakin aiki kafin a ba ka cikakke, don haka ranar ganawar ɗaukar aiki ka tambayi gundumar ko ita take ɗaukar nauyin wannan horo.