Fasfonka ya kwana a hannunka

Duk shekara sai na ga yaranmu sun sauka a Jidda da murna, bayan wata uku kuma a bugo min a ce wane yana tarhil a Shumaisi, wato inda ake tsare baƙi kafin a maida su ƙasarsu. Abin ya ishe ni.

Maganar zafi gajeriya ce: ka sha ruwa, ka guji ranar azahar. A Hajjin 2024 mutum sama da 1,300 suka rasu, akasarinsu ba su da tasrihi, wato izinin yin Hajji. Lambar kiran motar asibiti 997 ce. Saƙon wani kuwa kada ka karɓa a filin jirgi, ko ɗan unguwarku ne. Wata ɗaliba da aka kama a Madina a ƙarshen 2018, jakar ƙwaya aka liƙa wa sunanta tun daga Kano, kuma sai da ta yi wata huɗu a tsare.

Inda na sha wuya shi ne takardu. Ranar da na iso kafilina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya ce in kawo fasfo ya adana min. Na miƙa da hannu biyu, har da godiya. Ashe doka ta hana shi riƙewa. Da albashi ya tsaya wata biyar na yi magana, sai ya saka min hurub, wato ya kai rahoto wai na gudu. Ba fasfo, ba kwafin kwantiragi, lambar wayar da aka buɗe min Absher (manhajar gwamnatin Saudiyya ta harkar takardu) ma tasa ce. Wata takwas na yi a ɗakin wani dattijo a Shara Mansur da ke Makka, in na ji jiniya sai cikina ya ɗuri ruwa. Mutumin nan, wanda kakansa ya zo Makka a ƙafa ta Sudan, ko riyal ɗaya bai karɓa a hannuna ba. Shi ya raka ni ofishin jakadancinmu na Jidda da sandarsa. Irin mutanenmu ke nan.

Don haka, ƙanena, ka ɗauki hoton fasfo da biza da igama (katin izinin zama) da kwantiragi ka tura gida. Absher da lambarka za ka buɗe. In an hana ka haƙƙinka, ofishin ƙwadago za ka kai ƙara tun kafin ka bar wurin aikin. Kuma bizar Umara ba ta aiki ba ce, ko da dillalin ya rantse maka da Alƙur'ani. Makon jiya na sake gaya wa wani yaro haka, ya ce ai Alhaji ya riga ya gyara komai.