Yadda Nake Koya wa Ɗalibaina Manyan Kalmomin Turanci Kafin JAMB

Duk shekara, da zarar an fara rajistar JAMB, sai ɗakin da nake lesin a Tudun Wadar Gombe ya cika, kowa riƙe da takardar da aka jera masa kalmomin Turanci ɗaruruwa da ma'anoninsu. Ranar farko nake cewa a ajiye ta. Cikin tambayoyi 180 da za ku amsa a awa biyu, 60 na Turanci ne, kuma a ɓangaren kalmomi cikin jumla ake kawo kalma, a ce ku zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana ko kishiyarta. Haddar jeri ba ta kai mutum ko'ina a nan.

Ku fara da tushe. Wanda ya yi Islamiyya ya riga ya san dabarar: kitabu, katibu da maktaba duk daga harufa uku suka fito. A Hausa ma karatu, makaranta da makaranci 'yan ɗaki ɗaya ne. To, yawancin manyan kalmomin Turanci aro su aka yi daga Latin da Girkanci, kuma su ma gida-gida suke. Bene alheri ne, mal kuwa sharri. Da wannan kaɗai kun buɗe benevolent da benefactor, kun buɗe malevolent, malice da malnutrition. Chron lokaci ne, shi ya sa ake kiran ciwon da ya daɗe a jiki chronic. Cred yarda ce: credible abin da za a iya gaskatawa, credulous kuma mutumin da ko me aka faɗa masa sai ya hau kai ya zauna.

Amma tushe na da tarko, kuma a nan nake daɗewa. Bara na ba wata ɗalibata mai ƙwazo jumlar da ke ɗauke da invaluable, ta zaɓi worthless da hanzarinta. Da na ja jan biro a kai, sai ta ɗago: "Malam, ai kai ka ce in- ɗin da ke farkon kalma korewa take yi." Gaskiyarta, haka na ce. Sai dai invaluable na nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi, kamar yadda inflammable ke nufin abin da ke saurin kamawa da wuta, shi ne ma ake rubutawa a jikin tankokin mai. Irin waɗannan, da tagwaye masu kama da juna amma ma'ana daban irin ingenious da ingenuous, ku ware musu shafinsu daban.

Aikin yau da gobe kuma ɗan littafin rubutu ne. Kalma biyar a rana sun isa, daga tsofaffin tambayoyin JAMB ko sharhin jaridar Daily Trust. Ku kwafi jumlar gaba ɗaya, ku fara cankar ma'anar, sannan ku buɗe ƙamus. Daga nan ku ƙirƙiri taku jumlar a kan abin da idonku ya sani: cunkoson babbar kasuwa, ƙurar hunturu, layin Keke Napep a Pantami. Ku kuma rubuta gaɓar da ake dannawa da manyan baƙaƙe, deMOcracy amma demoCRAtic, domin ana tambayar wannan, kuma yaranmu na yawan zubar da maki a wurin.

Bita ita ce ke wahalar da mutane. Kalmomin yau, ku waiwaye su gobe bayan sallar Asuba, ku sake ranar Juma'a, ku sake a ƙarshen wata. Wadda ta ƙi zama, ku jefa ta cikin hira da abokin karatu har bakinku ya saba.

In saura mako uku a yi jarrabawa, ku daina ƙara sabo. Ku nemi kwamfuta, ko ta wani kafe ce, ku saita agogo, ku yi ta amsa tambayoyi 60 ɗin nan a kan allo, littafinku na gefe don shigar da duk kalmar da ta kayar da ku.