Yadda za ka haɗa tsofaffin fedal na jita

Idan ka samu fedal ɗin Boss CE-2 na 1979 da DM-2 na 1981, wato ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita, ka yi sa'a, malam. Kafin komai, share su da busasshen ƙyalle, don ƙurar hunturun Maradi ba ta barin maɓalli lafiya.

Sa wa kowanne sabon batir mai bolt 9. Ka bar cajar waya a gefe, kada garin gwaji ka ƙona abin da ba ka da madadinsa.

Daga jita, waya ta shiga CE-2, ta fita zuwa DM-2, sannan amfilifaya. Rage ƙara tukuna.

A CE-2, sa maɓallin Rate (sauri) ƙasa, na Depth (zurfi) a tsakiya. Sauti zai yi kauri kamar jita biyu na tafiya tare. DM-2 kuwa amsa-kuwwarsa gajera ce, ba ta wuce kusan milisakan 300, kuma kowane maimaici ya fi na baya dishewa. Ni dai wannan dishewar nake so. Murɗa maɓallin Intensity na DM-2, mai ƙara yawan maimaici, a hankali, don in ka kai shi ƙarshe zai yi ta kuka shi kaɗai. Ya taɓa kunyata ni a gidan biki.

In ka gama, zare wayar Input (wadda ke shiga fedal) ta kowanne, in ba haka ba batirin zai yi ta ci har ya ƙare.