Babi na 6: Robar mashin da ke tsagewa ba faɗuwa ba karo

To 'yan aji, darasin yau na masu mashin ne, ko kana kabu-kabu cikin Birnin Kebbi ko kana zuwa fadama da shi, har da ku mata da ke da mashin a gida don in an tashi sayen kaya aljihun gidan ne ke ji. Kukan da ake yawan yi shi ne mutum ya tashi da safe ya tarar robar mashin nashi ta tsage, murfin gefe ne ko madigadi ko robar fitila, bai faɗi ba, ba wanda ya buge shi, sai a hau zargin yaran gida, wani ma ya ce baki ne. Masu roba-roba sun fi kowa kuka tunda rabin jikin nasu duk roba ne. Tsagewar nan tana da dalili, kuma in ka duba da kyau ita tsagar za ta nuna maka inda ta taso.

Ku fara sanin cewa robar mashin ba iri ɗaya ba ce. In ka kwance murfin gefe ka juya cikinshi, sau da yawa za ka ga haruffa, ABS ko PP, kuma yanzu da kuka iya haruffa ba sai kun tambayi kowa ba. ABS ita ce mai tauri mai sheƙi wadda ake yi wa fenti. PP ta fi laushi, tana lanƙwasa, an fi yin baƙaƙen robobi marasa fenti da ita. In babu rubutu ka jefa ɗan guntun da ya karye cikin kofin ruwa, galibi PP tasowa take yi sama ABS kuma ta nutse. Ku riƙe wanga, zai yi aiki wurin gyara.

Dalilin tsagewa na farko rana ce. A Kebbi daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, mashin yana tsaye bakin kasuwa tun hantsi har la'asar, hasken rana yana cin robar a hankali har ta ƙeƙashe, kamar dai butar da aka manta tsakar gida shekara guda, kana ɗauka hannun ya ɓalle. Alamar ita ce launi ya koɗe, baƙar roba ta koma toka-toka, in ka karta da farce ta yi fari. Sannan hunturu ya zo, da asuba sanyi ya sa roba ta ƙanƙance ta ƙara tauri, da rana ta buɗe, kullum haka. Rana kaɗai ba kasafai take tsaga roba ba amma ita ke raunana ta.

Na biyu ɗauri. Je ka duba tsagar, in ta faro daga ramin noti ta miƙe waje to an matse notin ya wuce kima ne, ko kuma 'yar robar nan mai laushi da ke zama cikin ramin ta ɓace an ɗaure ƙarfe kai tsaye kan roba. Wagga 'yar robar mutane na raina ta ƙwarai, bakanike ya kwance ta faɗi cikin ƙasa ba mai nema, alhali ita ke shanye girgiza. In babu ita duk ramin da ka faɗa a hanyar burji, duk gargadar hanyar ƙauye, a kan wuri ɗaya take ƙarewa. Haka in ƙarfen da ke riƙe robar ya ɗan lanƙwashe tun wata tsohuwar faɗuwa aka ja robar da ƙarfi don rami ya hau rami, tana nan a ɗame ko mashin na tsaye, wata rana sai ta sake.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna wallahi, don mu ke yi da hannunmu muna ganin gyara muke yi. Fetur. ABS ba ta shiri da fetur, ba ta shiri da tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, ba ta shiri da man birki. Ɗan bumburutu ya zuba maka mai ya malalo ta gefen tanki ya gangara kan murfin gefe ya taru daidai wurin noti, ka goge saman ka tafi, na cikin ramin yana nan. Ko a wurin wanki a jiƙa tsumma da fetur a goge baƙin mai, robar ta yi ƙyalli kowa ya ji daɗi. Abin da ke faruwa shi ne man yana shiga robar ta wurin da take a ɗame, ya sassauta ta, sai ƙananan tsagu kamar gashi su fito, ba ranar ba, bayan kwanaki ko makonni, shi ya sa mai mashin ba ya haɗa abin da wankin da aka yi. Masu birkin faifai a gaba ku ƙara kula, man da ke cikin ɗan tankin kan hannu, wanda aka rubuta DOT 3 ko DOT 4 a murfinshi, ɗigo kaɗan yana cin fenti ya tsaga robar fitila. In ya ɗiga a wanke da ruwa mai yawa nan take, ruwa yana tafiya da shi.

Ga yadda maganar take kasancewa a gareji. Mai mashin ya ce, "Oga mi ya faru ne, wata biyu da munka sa sabon murfin ga." Bakaniken ya karɓa ya juya cikin ya ɗaga wa rana, ya nuna mishi tsagu uku sun fito daga ramin noti kamar sawun kaza, ga tabon mai ya bushe a kewaye, sai ya shinshina ya ce, "Malam bututun man ka ke yoyo." Da an sake sayen murfi ba a canza bututun ba, na ukun ma haka zai yi.

Kaya ma suna da nasu. Buhun albasa daga Aliero ko buhun shinkafa an ɗora an ja igiyar roba ta bi ta kan robar baya, wannan ba sai an yi dogon bayani ba, a ɗaure a jikin kariya, ƙarfe ne.

To in ta riga ta tsage fa? Kayan mashin sun yi tsada tun 2023 da aka cire tallafin mai naira ta faɗi, don haka gyara ya fi a inda zai yiwu. Ka kwance robar ka nisanta da tanki tukuna. Ka nemo ƙarshen tsagar ka huda ƙaramin rami daidai wurin, kamar milimita 2 ko 3, da ƙusa mai zafi ma ana yi, ramin shi ke hana ta ci gaba da tafiya. Ka wanke da sabulu ta bushe. Sannan ta ciki a bi tsagar da ƙarfen soda irin na masu gyaran rediyo, ana narka guntun roba ana cikewa, amma dole guntun ya zama iri ɗaya, ABS da ABS, PP da PP, in ka haɗa daban ba za su kama ba. Ana iya nutsa 'yan guntayen siririyar waya a gicciye don ƙarfi. A yi a waje inda iska ke kaɗawa, hayaƙin ba shi da kyau ga ƙirji. Sufa gulu kuwa kar ka ɓata kuɗinka a kan PP, ba ya kama ta sam. Ɗinki da waya da ake yi yana riƙewa na ɗan lokaci. Madigadin gaba in ya tsage kusa da noti ni dai shawarata a canza shi, don in ya ɓalle ya shiga taya kana gudu ba maganar roba ake ba kuma.

Wurin mayarwa ka sa 'yan robobin nan masu laushi, ka fara ɗora duka notin da hannu kafin ka matse ko ɗaya, in ya zauna ka tsaya, kar ka ƙara. Wanki ruwa da sabulu. Ajiya ƙarƙashin rumfa ko bishiya, in babu ko tsohon buhu a lulluɓa.

Aikin gida: kowa ya samu mashin, nashi ko na maƙwabci da izini, ya kwance murfin gefe ɗaya ya kwafi haruffan da ke ciki a littafinshi, ya ƙirga ramukan noti ya rubuta nawa ne ke da 'yar roba nawa ne babu. In akwai tsaga ya zana ta ya sa alama a inda ta faro, a zo da shi aji mai zuwa.