Kurakuran taki da ke raba shuka da funfunar saiwarta

A cikin saiwar gero, dawa, masara, wake, albasa da rogo akwai wata funfuna da ido ba ya iya gani. Masana na ce mata maikoraiza, sunan da wani Bajamushe, Albert Bernhard Frank, ya raɗa a 1885. Tana shiga saiwa ta zauna, sai ta miƙa zarurruka sirara cikin ƙasa, su ɗebo wa shuka fosfaras, wani sinadarin abincin shuka, daga inda saiwa ba ta kaiwa. Shuka kuma ta biya ta da sukari da maiƙo. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan. Yawan abincin da ke ƙasa shi ke yanke ko cinikin zai ɗore, kuma a nan muke yawan kuskure.

Na farko ya fi yawa a lambu da fadama. Za ka ga mai albasa ya zuba kashin kaji, ya bi da kamfa (takin zamani mai fosfaras a ciki), bayan sati uku ya sake watsa kamfa, haka kowace shekara. Yuriya ruwa kan wanke ta, amma fosfaras taruwa yake a ƙasa. Da shuka ta ga tana samunsa a bakin saiwa, sai ta rage abin da take ba funfunar, ta hana ta shiga. Ba za ka gane ba sai shekarar da taki ya yi tsada ka rage hannu, albasa ta tsaya cak, don saiwarta gajera ce, ba ta da gashi sosai, da funfunar ta dogara. Gyaran shi ne a sa kamfa ko sufa sau ɗaya a farko, taki na biyu ya zama yuriya. Wanda ya daɗe yana zuba kashin kaji, ya kai ƙasarsa a gwada kafin ya ƙara.

Kuskure na biyu ya fi damuna, domin ya shafi talaka mai gonar jigawa. Wasu da suka ji wannan bayani sai su ce, to a daina sa taki mana, funfuna ta yi aikin. Funfuna ba ta ƙera fosfaras, ɗebo wanda ke akwai take yi, kuma yashin ƙasar Hausa, daga Kano har Maraɗi, yana da ƙarancinsa ƙwarai. Akwai abin da ya fi wannan muni. Idan dawa ta ji yunwar fosfaras ko naitirojin, saiwarta na fitar da wani sinadari, sitirigolakton, don kiran funfunar; masu bincike a Japan ne suka tabbatar a 2005 cewa wannan sinadarin na kiran funfunar. Wannan sinadarin dai shi ke tayar da irin wuta-wuta da ke kwance a ƙasa shekara da shekaru. Dawa ta kira aboki, ɓarawo ya amsa. Shi ya sa gonar da ta gaji ce ke cika da jan furen nan, dawar ta ƙanƙance ko gwiwa ba ta kai ba.

Maganin a nan shi ne kaɗan amma a daidai wuri. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta daɗe tana koya wa manoma sa taki a ramin shuka, abin da yatsu uku za su ɗauka, ko cikin murfin kwalbar lemo. A sa shi gefe, kada ya taɓa iri, a haɗa da takin gargajiya. Wannan ya isa ya tayar da shuka da ƙarfi, bai kuma kai yawan da zai sa ta kori funfunar ba.

Huɗa mai zurfi kowace damina tana tsinka zarurrukan funfunar, a rage ta inda ya yiwu. Kabeji kuma ba ya hulɗa da wannan funfuna, alayyafo ma kusan haka, don haka fangalin da suka daɗe a ciki funfunarsa raguwa take. A ratsa da wake ko dawa kafin a dasa albasa a wurin.

Wasu na tuge wake su ga ƙulle-ƙulle a saiwa su ce ga ta nan. A'a, waɗannan gidajen bakteriya ne masu kamo naitirojin daga iska. Su ma suna buƙatar fosfaras sosai, funfunar ce ke taimaka musu su samu.

Sai garin maikoraiza da ake sayarwa a leda. Halitta ce mai rai, zafin rana da daɗewa a shago kan kashe ta, kuma yawancin gonakinmu suna da tasu ta asali. In kana son gwadawa, sa shi a kunya biyu, ka bar biyu a gefensu babu, taki iri ɗaya, ban ruwa iri ɗaya, ka auna amfanin kowanne ranar girbi kafin ka saya wa gona duka.