Yadda Za Ka Gane Kayan Da Ke Shan Wuta A Gidanka

Mutane da yawa suna ɗora laifin yawan kuɗin wuta a kan kayan da suka fi girma ko suka fi ƙara. Sau da yawa ba su ne masu laifin ba. Abu biyu ake dubawa: ƙarfin da na'ura ke ja, da tsawon lokacin da take a kunne.

Fara da juya na'urar. A bayanta ko ƙarƙashinta akwai 'yar takarda da aka manna, ko rubutu da aka buga a jikin robar. Nemi lambar da ke da harafin W a gabanta, wato wat, ma'aunin da aka laƙaba wa sunan injiniyan nan James Watt. Dutsen guga yakan ja wat 1,000 zuwa 2,000, fankar silin wajen 75, ƙwan LED kuwa 9 ko 10 ya ishe shi. Idan babu W, sai V da A, to ka ninka su: bolt 230 sau amp 5 zai ba ka wat 1,150. Ga kayan da ke da mota a ciki, irin su firji, wannan lissafin yakan ɗan zarce ainihin abin da suke ja.

Wat kamar ƙarfin zubar ruwa ne daga famfo. Abin da mita ke ƙirgawa shi ne ruwan da ya taru a bokiti. Shi ake kira yunit, kuma yunit ɗaya daidai yake da wat 1,000 na tsawon awa guda. Saboda haka sai ka ninka wat da awannin aiki, ka raba da 1,000.

A nan ne abin mamakin yake. Butar lantarki mai wat 2,000 da ta yi minti 6 tana tafasa ruwa ta ci yunit 0.2 kacal. Fanka mai wat 75 da aka bari tana juyawa awa 12 ta ci 0.9, fiye da ninki huɗu na abin da butar ta ci, a wata kuma yunit 27 ke nan. Tsohon ƙwan wuta mai wat 60 a awa 10 zai ci 0.6, na LED mai wat 9 kuma 0.09. A ganina, duk abin da ke kwana a kunne shi ya kamata a fara tuhuma, sai kuma masu zafafa abu idan suka daɗe: hitar ruwan wanka da risho na lantarki.

Firji da na'urar sanyaya ɗaki suna da nasu hali. Injinsu ba ya aiki dare da rana. Yakan tashi, idan sanyi ya kai ya huta. Kada ka ninka wat ɗinsu da awa 24, za ka tsorata kanka a banza. Duba takardar da ke nuna yunit nawa suke ci a shekara, ka raba da 12.

Sai ka gwada lissafinka da mita. Kashe komai, ka bar na'ura ɗaya, ka rubuta lambar da mita ta nuna, ka dawo bayan awa guda. Idan mitar ta zamani ce, za ka ga wata 'yar fitila tana ƙiftawa, kusa da ita an rubuta wani abu kamar 1000 imp/kWh, ma'ana ƙiftawa dubu ita ce yunit ɗaya. Kunna dutsen guga ka ga yadda take sauri. Idan kuma ka kashe komai amma tana ci gaba da ƙiftawa, nemi abin da ke maƙale a soket: talabijin da aka kashe da rimot har yanzu tana ɗan sha.

Mai shirin sayen janareta ko inbata, shi wat ya fi dame shi. Ya tara wat na duk abin da zai kunna lokaci guda, sannan ya bar rara mai yawa, domin injin firji da na famfon ruwa sukan ja ninkin ƙarfinsu sau da dama a daƙiƙar da suke tashi.